Ina neman Hausar "stress" kafin Juma'a

Mai Shiri: Assalamu alaikum jama'a. Ran Asabar zan gabatar da shiri a gidan rediyonmu nan Jos kan ƙirƙirarrun harsuna, wato harsunan da mutum ya zauna ya ƙirƙira da kansa, irin Esperanto da Zamenhof ya fitar a 1887, da Toki Pona na Sonja Lang a 2001. Gaɓa, baƙi, wasali, duk babu matsala. Tone na sa karin sauti. Inda na maƙale shi ne stress, wato yadda gaɓa ɗaya ke fin sauran fitowa a furucin kalma. A Esperanto kullum kan gaɓar kusa da ƙarshe yake sauka: a-MI-ko. A Toki Pona kan ta farko: TO-ki. A Volapük kuma ta ƙarshe. Me zan kira shi? Furodusa na son rubutun ran Juma'a kafin masallaci.

Malamin Gangare: Wa'alaikumus salam. Nauyi mana. Gaɓa mai nauyi.

Anti Ladi: Malam, nauyi yana da mai shi. A ajin Hausa gaɓa mai nauyi ita ce BWW ko BWB (B baƙi, W wasali), kamar kai da har. BW marar nauyi ce. To gaɓoɓin Toki Pona kusan duk BW ne, sai dai wani lokaci n ta rufe su. TO ɗin nan ba ta da nauyi ko kaɗan, amma a kanta abin yake. In ya ce nauyi, ɗalibai za su bugo waya su yi masa gyara shirin na kan tafiya.

Ɗan Tamina: Shadda fa?

Malamin Gangare: Shadda ninka baƙi ce, ɗana. Sai in ta ɗinki kake nufi. Larabawa nabr suke cewa.

Baban Iro: DANNAU. Ka danna gaɓa ta fito fili. Ginin kalmar na gida ne, kamar faɗau da muke cewa a karin sauti. Shekara da shekaru ina amfani da ita a aji.

Ɗan Tamina: Baba, dannau ai shi ne ke danne mutum cikin barci ya kasa motsi.

Baban Iro: Kalma ɗaya ba ta ɗaukar ma'ana biyu? Kari kaɗai fa: karin sauti, karin harshe, karin magana, karin waƙa. Wa ya ruɗe?

Bakanon Abuja: Ni tun daga tushe ban yarda ba. Hausa ba ta da wannan abin, da kari da tsawon wasali take aiki. Wuya ta jiki da wuya ta wahala kari ne ya raba su, ba ƙarfin murya ba. Don me za mu haifa wa baƙo suna? Kuma "ƙirƙirarren harshe" ɗin ma, ƙagagge ya kamata a ce, kamar ƙagaggun labarai. Amma dai Hausar Jos ce, a yi haƙuri.

Anti Ladi: Ranka ya daɗe, an fara ke nan. Hausar Jos ɗin ce Birom da Angas da Bafulatani suke ciniki da ita a kasuwar Tamina, kuma su zai yi wa shirin. Ƙagagge kuwa ƙarya yake kawo wa mai sauraro a zuciya, alhali Esperanto har akwai waɗanda suka tashi da shi a gida tun suna goye.

Bakanon Abuja: Ban zagi kowa ba, Hajiya. Daidaitacciyar Hausa dai an san inda aka ɗauko ta.

Mai Shiri: Don Allah jama'a, Juma'a.

Anti Ladi: Akwai gaskiya a maganar Bakano ta farko, kuma za ta yi maka amfani, ƙanena. Kunnen Bahaushe karin sama yake jin stress. Dubi aron da muka yi daga Turanci: mota, tebur. Gaɓar da Bature ya ƙarfafa mu muka ɗaga ta, ta bayanta muka saukar. Saboda haka in ka karanta amiko a iska, kari mutane za su ji. Ka faɗa musu bambancin: a Hausa ka sauya kari, baba uba ya koma baba uwa. A Esperanto wurin abin ƙayyadadde ne, ba ya raba kalma da kalma. Shi ya sa ba a ma sa masa alama a rubutu.

Malamin Gangare: To ƙarfin gaɓa ke nan. Gaɓar da aka ƙarfafa.

Baban Iro: Kalma biyu inda ɗaya ta wadatar. Dannau.

Bakanon Abuja: Ƙarfin gaɓa bai saɓa wa nahawu ba, iyakar abin da zan ce ke nan. Ƙirƙirarre kam har gobe ban karɓa ba.

Mai Shiri: Na gode ƙwarai. Na rubuta "ƙarfin gaɓa", da misalin mota a bayansa. Baba, zan ambaci dannau sau ɗaya, in ce wasu malamai haka suke kiransa.

Baban Iro: Ka ce malami ɗaya. Kada wani ya zo ya ce tasa ce.