Wane suna za mu ba akwatin wankin zinare da Turawa ke kira sulus?

Mai walda, Katsina

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani dogon akwati da masu neman zinare a yashin kogi ke sa a ƙera masu, wanda Turawa ke kira sulus. A bakin mutanenmu ba shi da tsayayyen suna: wani ya ce bokis, wani ya ce rariya, wani ya ce abin kafet. Sai mai saye ya nufi wani abu, mai ƙira ya yi mashi wani daban. Ga siffarsa ga wanda bai san shi ba. Tsawo mita 1.2 zuwa 1.8, faɗi santimita 25 zuwa 30, bangon gefe kamar santimita 12. Sama a buɗe, bakin ƙasa a buɗe. Ana shimfiɗa kafet a ciki, a ɗora wasu 'yan ƙarafa a gicciye su danne shi. A kafa shi da gangara, a sako ruwa daga sama, a riƙa zuba yashi. Yashi ya wuce, zinare ya zauna. Ina roƙon malamai su taimaka mu tsayar da suna ɗaya, shi da sassansa.

Malamin ilimin duwatsu

Wa alaikumus salam. Malam, da farko a fitar da rariya daga lissafi. Rariya girma take bi, wannan akwati kuwa nauyi yake bi. Litar ruwa kilo 1 ce. Da za a cika litar da zinare zalla, kilo 19.3 za ta yi. Farin dutsen da yawancin yashi ya fito daga gare shi kilo 2.65 ne, baƙin yashin nan mai bin maganaɗisu kuma wajen kilo 5. Ke nan ƙwayar zinare ta ninka ƙwayar yashi mai girmanta sau 7, a cikin ruwa ma tazarar takan kai sau 11. Da wannan tazarar akwatin ke aiki.

Ban da haka rariya na da nata aikin, kuma idan aka ba akwatin sunanta mutane za su ɗauka shi ke nan ba sai an tankaɗe ba. Dole a fara ratsa ƙasar ta rariya mai ƙofa rabin inci, a cikin ruwa, a wanke duwatsun da suka rage a sama kafin a zubar. Dutsen da ya fi haka girma ba ya gangara sai an ƙara ƙarfin ruwa, ƙarfin ruwan da zai tura shi kuwa da garin zinare zai tafi. Yumɓu ma haka: curin yumɓu idan ya mirgina a cikin akwatin, har zinaren da ya riga ya zauna yake ɗanƙowa ya fice da shi. A jiƙa shi a rabin duro, a murje da hannu ko da itace sai ya koma ruwa-ruwa.

Maƙerin fari, Daura

Ni shawarata indararo. Dogo ne, buɗe yake sama da ƙasa, a gangare ake kafa shi, ruwa ke bi. Kowane yaro a Daura ya san indararon soro. A ce indararon zinare.

Malamar Hausa, Katsina

Baba, siffar ta yi daidai, sai dai aikin ya saɓa. Indararo ana yaba shi ne idan ya zubar da komai bai riƙe ko ɗigo ba. Wanda aka ce mashi indararo zai kafa shi a tsaye-tsaye don ruwa ya gudu, nan kuwa asarar take. Ni zan kawo kwami, wanda wasu ke cewa komi. Dogo ne, mai bango biyu, ana zuba ruwa a cikinsa, kuma a zuciyar Bahaushe abu ne mai riƙewa. Tun da masu aikin da kansu wanki suke cewa, sai a ce kwamin wanki.

Wankin da ake yi a kwano kuwa muna da kalmarsa tuntuni a madafa, ita ce regewa. Yadda ake rege shinkafa a ƙwarya, a girgiza mai nauyi ya nutse, a karkata mara nauyi ya bi ruwa, haka ake rege zinare. Bambancin kawai, a shinkafa abin da ya zauna a gindi ake zubarwa, a nan shi ake nema.

Maƙerin fari, Daura

Malama, kwamin shayar da dabbobi a toshe yake ta kowane gefe. Wannan kuwa bakinsa a buɗe.

Malamar Hausa, Katsina

Gaskiya ne Baba. Amma kwamin masu lambu ai ana fasa bakinsa ruwa ya wuce na gaba, bai hana a kira shi kwami ba. Kalmar wanki da ke biye ita za ta nuna ruwa wucewa yake yi.

Injiniyan ban-ruwa, Dutsin-ma

Na goyi bayan kwamin wanki, kuma ya ba mu sunan ƙarafan giciyen nan da Turawa ke kira rifil. A ce masu kunyoyi. Kunyar da aka ja a gicciye a gona mai gangara takan rage gudun ruwa ta tare ƙasa mai kyau. A kwami kuma, ruwa idan ya tsallake kunya yakan yi ɗan juyi a bayanta. Wannan juyin shi ke riƙa motsa yashi, mara nauyi ya tashi ya wuce, mai nauyi ya nutse cikin kafet. Idan juyin ya mutu, kwamin ya daina kamu ko da ruwa na gudu.

Malam mai walda, ga ma'auni. Ƙarfe mai kusurwa na inci 1, tsakanin kunya da kunya inci 2 zuwa 2 da rabi. A haɗa su a firam ɗaya mai kama da tsani wanda ake ɗagawa, kada a walde su a jikin kwamin, don ba za a iya fitar da kafet a wanke ba. Firam ɗin ya danne kafet sosai. Ko ɗan sarari aka bari a ƙarƙashin kunya, ruwa zai bi ta nan ya share abin da aka tara. Idan zinaren wurin gari ne, ragar ƙarfe mai idon lu'ulu'u a kan kafet ta fi manyan kunyoyi kamu. A bar kamar santimita 30 na farko sumul ba kunya, nan ake zuba yashi ya baje kafin ya isa wurin kamu.

Gangara kuwa a fara da inci 1 a kowace ƙafa ɗaya ta tsawo, wato kamar santimita 8 a mita. Daga nan ido ne alƙali. Idan yashi ya cika tsakanin kunyoyi ya daskare har ba a ganin kansu, gangara ta yi kaɗan, ko ruwa ya gaza, ko zubi ya yi yawa. Idan kafet ya fito fes ba ko baƙin yashi a bayan kunya, gangara ko ruwa ya wuce kima. Daidai shi ne a ga baƙin yashi na rawa a bayan kowace kunya, farin kuma ya share cikin ƙasa da minti ɗaya bayan zubi. A duba gefe da gefe da ma'aunin magina, domin kwamin da ya karkace rabinsa kawai ke aiki. Famfon ban-ruwa mai inci 2 ya ishi kwami mai faɗin santimita 25 zuwa 30.

Gwaji mai sauƙi: a yanka wayar jan ƙarfe gutsi 10 kamar ƙwayar shinkafa, a cuɗa cikin bokitin yashi a zuba. Jan ƙarfe kilo 8.9 ne a lita, bai kai rabin zinare ba. Kwamin da ya riƙe su duka a kunyoyin farko ya kafu daidai.

Mai walda, Katsina

Madalla. Na karɓi kwamin wanki da kunyoyi. Kafet ɗin fa, a bar shi kafet? Sannan injin nan mai mesa da ke zuƙo yashi daga ƙarƙashin ruwa, wanda suke kira direja, yaya za mu ce da shi?

Malamar Hausa, Katsina

Kafet ya zauna a Hausa, amma tun da wasu tabarmar roba mai tsaga-tsaga suke sawa, wasu bargo, a kira gurbin shimfiɗa, kowa ya faɗi irin tasa. Injin kuwa ba sai mun ƙirƙira ba. Muna yasar rijiya, kuma da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin kogin Neja a Lakwaja a 2009, yashe kogi aka riƙa cewa a rediyo. Injin yasa ke nan. Na zinare a ce injin yasa mai kwami, don a bambanta shi da na masu ɗibar yashin gini.

Injiniyan ban-ruwa, Dutsin-ma

Sunan ya dace da ƙirar, don kwami ne aka ɗora a kan durorin da ke yawo bisa ruwa, aka haɗa mashi inji da famfo da mesa. Abin lura, tsakuwa ba ta bi ta cikin famfo. Famfon ruwa zalla yake turawa da ƙarfi ta wani siririn bututu da ke shiga mesar a karkace, gudun wannan ruwan ne ke jawo yashi. Mai mesa inci 4 yakan so inji mai ƙarfin doki 5 zuwa 6 da rabi. Bakin mesar a yi shi ya ɗan fi cikinta ƙanƙanta, don duk dutsen da ya shiga ya iya wucewa. Yawan toshewa daga binne bakin cikin yashi yake zuwa. A riƙe shi sama kaɗan ruwa ya rinjayi yashi, manyan duwatsu a kawar da hannu. Man inji ko giris idan ya taɓa kwami, garin zinare yakan taso saman ruwa ya wuce, don haka sabon kwami sai an wanke shi da omo.

Haɗarinsa babba ne. Bangon ramin da aka yasa yakan rufto wa mai mesa, haka dutsen da aka zuƙe yashin ƙarƙashinsa. Mai nutso da mesar numfashi, idan hayaƙin inji ya shiga mashigar iskarsa, suma zai yi a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya ji alama ba.

Malamin ilimin duwatsu

A ƙasarmu ma kwamin ya fi injin yasa amfani. Kogunanmu irin Karaduwa da Bunsuru da Gada na damina ne, da rani yashi ne shimfiɗe, da damina kuma ambaliya kan sauko daga ruwan da aka yi a nesa alhali a inda kake rana ake. Da rani shebur da kwami da famfo sun wadatar, a haƙa rami biyu a ƙarshen kwamin, laka ta kwanta a na farko, a maido ruwan na biyu.

Kada a wahala da yashin sama. Zinare nutsewa yake yi har sai ya tarar da fa ko daskararren yumɓu. A nema a cikin lanƙwasar kogi inda ruwa ke sanyi, da bayan manyan duwatsu, da tsagogin fa. A rege kwano ɗaya a wurare da dama kafin a kafa kwami. Duwatsun da ake danganta zinare da su a jiharmu ta Katsina suna kudu ne, jerin Malumfashi, dangin na Anka da Maru da Birnin Gwari, kuma wurin da babu tsaro ba wurin zuwa ba ne. Abin da ke ƙyalli ba lallai zinare ba ne: a danna da tsinin allura, zinare zai lotsa, na bogi zai farfashe.

Ma'aikaciyar lafiyar muhalli, Daura

Ina so kalmar wanki ta tsaya a sunan saboda wani dalili. Zinaren kogi a sake yake, ba ya buƙatar niƙa, ba ya buƙatar zaiba, wato ƙarfen nan mai kamar ruwa da wasu ke kama zinare da shi. Niƙa dutsen ma'adini a cikin gidaje shi ya watsa ƙurar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, yara sama da 400 suka rasu, aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Zaiba kuma idan aka ƙona ta, tururinta ƙwaƙwalwa da ƙoda yake lalatawa, abin da ya zube a ruwa kuma ya koma cikin kifi. Kuma a sani, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Ko a gonarka ne sai da lasisin ƙaramin haƙa daga ofishin rajistar ma'adinai, kuma an fi samunsa cikin sauƙi ta ƙungiyar haɗin kai.

Maƙerin fari, Daura

To, na bar indararo ga soro, kwamin wanki ya zauna. Ga yadda ake gamawa ba zaiba. A kashe ruwa a hankali, a ɗaga kunyoyi, a naɗe shimfiɗa a wanke ta a baho sau uku, a rege abin da ya fita. Ɗigon sabulun ruwa a kwanon yakan hana gari tasowa. Abin da ya rage a shanya ya bushe ƙayau, a sa maganaɗisu cikin leda a bi ta samansa ba tare da an taɓa ba, a juye ledar baƙin yashin ya zube a wani faranti daban. A sake rege wannan farantin, domin baƙin yashi kan ɗauko zinare tsakaninsa. Wajen sayarwa a auna da giram a gaban mai shi, kuma a tambayi karat nawa aka yi mashi kuɗi, don zinaren kogi yakan zo da azurfa a jikinsa, ba ya cika karat 24 na zinare zalla.