Corolla 2003: silo ya ƙi sauka

Salamu alaikum, masu gyaran Toyota. Corolla ce 2003 mai injin 1ZZ-FE. Ko inji ya ɗumi, silo (gudun inji idan ba a taka totur ba) yana tsaye a 1,500 rpm (juyin inji a minti ɗaya), alhali bai kamata ya wuce 750 ba. An wanke totur da bawul ɗin IAC (mai daidaita iskar silo), wayar totur tana da sassauci, tiyon PCV (mai mayar da tururin cikin inji zuwa hanyar shigar iska) da tiyon iskar birki ba su tsage ba.

Kwamfuta ta nuna lambar matsala P0171, wato iska ta yi wa fetur yawa. Na fi zargin gasket ɗin manifol (bututun da ke raba wa inji iska), ko ta nan iska ke shiga, amma an fesa masa maganin wanke kafireto, ƙarar inji ba ta canza ba. Sansar zafin ruwa tana karanta 88°C, lafiyarta ƙalau.

A kwance manifol, ko a fara gwada wani IAC ɗin?