Neman kalmar Hausa: wasan gidajen haruffa na jaridun Ingila

Mai Alli: Assalamu alaikum. Ana neman suna ga wasan da Turawan Ingila ke kira "cryptic crossword", da sunayen sassansa. Murabba'i ne mai gida 15 a kwance da 15 a tsaye, wasu gidajen farare wasu baƙaƙe, tambayoyi kusan 30. Amsoshi na shiga a kwance da a tsaye, suna ratsa juna. Asalinsa na Amurka ne: Arthur Wynne ya fitar da na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913, kuma tambayoyinsa a fili suke, a ba ka ma'ana ka kawo kalma. A Ingila aka murɗa shi. Edward Powys Mathers ya fara nasa a jaridar Observer a 1926, Times ta shigo a 1930. A irin nasu, kowace tambaya tana da hanya biyu zuwa amsa ɗaya: ma'anar kalmar, wadda ke zama a farko ko a ƙarshe, da kuma umarnin yadda za a harhaɗa haruffanta. Ga misali da Hausa:

Kurata sun rikice wajen neman ilimi (6)

"Neman ilimi" ita ce ma'ana. "Sun rikice" umarni ne cewa a hautsina haruffan KURATA. Amsa: KARATU. Lambar cikin baka adadin haruffa ce.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Malam, me ya hana a ce kacici-kacici a huta? Kowa ya san shi.

Hajiya Mai Ƙamus: Ɗan Damagaram, ba zai ɗauka ba. Kacici-kacici hanya ɗaya gare shi, wato kamance. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", ka hango tsintsiya ko ka ba da gari. Idan wani ya kawo wata amsar da ta dace, sai gardama, mai tambaya ne alƙali. Wannan kuwa da shaidarsa yake zuwa. Duba misalin Malam: haruffan nan shida suna ba da TAKURA ma, ba KARATU kaɗai ba. Hautsinawa ta kawo kalma biyu, ma'ana ta zaɓi ɗaya. Idan hanyoyin biyu suka haɗu, mai warwarewa ya san ya samu ba sai an gaya masa ba. Sunan da bai riƙe wannan ba ya bar jaki yana dukan taiki.

Baba Na Ƙofar Mata: Ga allon kansa ina ba da shawarar "hatimi". Murabba'i mai gidaje, a cike da harafi ko lamba, dole ya daidaita ta kowace fuska: ai mun daɗe da shi. Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan yadda ake tsara irin waɗannan murabba'ai na lissafi tun 1732.

Hajiya Mai Ƙamus: Allah ya gafarta Malam, kamannin akwai. Sai dai hatimi a kunnen Bahaushe abin allo da tawada ne da sunayen Allah, ba abin da za a cike a shafin baya na jarida a naɗe ƙosai da shi ba. Amma kalmar "gida" da ake faɗa a hatimi da dara, ita kam a riƙe ta.

Ɗan Damagaram: Faransanci da Larabci duk da ratsawar kalmomin suka sa masa suna. To "gicciyen kalmomi" fa?

Mai Alli: Gicciye zai ja hankali wani wurin. Na fi son "saƙar kalmomi". Masaƙi na da zaren tsaye da na kwance, kowanne na ratsa ɗan'uwansa, kuma zare ɗaya ya kuskure sai aibin ya fito a duk ƙyallen. Haka abin yake a nan: amsa ɗaya ta kuskure, ta ɓata uku ko huɗu da suka ratsa ta. Kuma ya ba mu sunan mai tsarawa kyauta, masaƙi.

Baba Na Ƙofar Mata: Na yarda da saƙa. Saura abin da zai raba na Ingila da na Amurka. Ni dai ɗaurin gwarmai nake gani.

Hajiya Mai Ƙamus: A nan ne zan ja, Baba. Ɗaurin gwarmai ana yin sa ne don kada a kwance. Wannan kuwa zarge ne: ka kama bakin da ya dace ka ja, ya warware gaba ɗaya. Masu wasan suna da ƙa'idar adalci mai tsauri. A. F. Ritchie, ɗaya daga cikin masaƙan Ingila, ya ce masaƙi ba dole ne ya nufi abin da ya faɗa ba, amma dole ya faɗi abin da yake nufi. Wani masaƙin, Derrick Macnutt, mai laƙabin Ximenes, ya tsara ƙa'idojin a littafinsa na 1966. Ɗaya daga ciki: haruffan da za a hautsina su kasance a rubuce cikin tambayar. Da Malam ya ce "sababbin sojoji sun rikice", sai ka fara laluben KURATA kafin ka hautsina, wannan zalunci ne, shi ne gwarman. Kalmar da masana harshe ke amfani da ita ga zance mai fuska biyu ita ce harshen damo. Saƙar kalmomi mai harshen damo.

Ɗan Damagaram: Ya yi tsawo, Hajiya, amma baki zai gajarta shi zuwa "saƙar damo". Tambayar kuma mu ce mata ƙulli, tunda warwarewa ake yi. Kalmar umarni, irin su "rikice", "dagule", "rushe", ita ce manuniya.

Mai Alli: Madalla. Bari mu gwada sunayen a kan ire-iren ƙulli, mu ga inda Hausa za ta ƙi.

Uwar 'yan tsaki tana cikin saka zane (4)

Wannan ɓoyo ne. Manuniya "cikin". Duba tsakiyar saKA ZAne: KAZA. Na san zane ɗaurawa ake yi, a yi mini afuwa.

Birni, ko abin tuƙa tuwo (4)

Ma'ana biyu, babu manuniya: GARI. A nan Hausa ta fi Turanci arziki, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kuka, fari, fara, duk kaya ne a ƙasa.

Abu ya juya baya ga mahaifi (3)

Juyi: karanta ABU daga ƙarshe, UBA. An sa shi a farkon jimla ne don babban harafin ya sa ka ɗauka Abubakar ake nufi. Wannan labarin da ido ke fara gani, na ɗa da uba, shi nake so mu kira riga.

Hajiya Mai Ƙamus: Riga ta zauna. Amma juyi zai yi ƙaranci. Yawancin kalmominmu da baƙi suke farawa su ƙare da wasali, to idan an juya su sai su fara da wasali su ƙare da baƙi: MATA ta koma ATAM. Sai kalma mai farawa da wasali kamar abu ke tsira. Abin da ke aiki a wurinmu juyin gaɓa ne, irin na zaurance: ma-ta, ta-ma, ka-sa, sa-ka. Turanci ba shi da wannan a matsayin nau'i, mu kuwa sai mu ba shi manuniyarsa daban, "a zaurance", kada a haɗa shi da juyin harafi.

Baba Na Ƙofar Mata: Ga tawa matsalar. Kurɓa, aikata: abin karyawa da burodi. SHA da YI, SHAYI. Wannan haɗi ne. To lamba nawa zan sa a baka, 5 ko 4?

Mai Alli: 4, Baba. A abacadan Hausa sh da ts kowanne harafi ɗaya ne, kuma masu saƙa da harshen Welsh haka suke yi da ll da dd nasu, gida ɗaya. Akwai dalilin aiki ma. A allon Ingila kusan rabin haruffan kalma ne kawai wata ke ratsawa, a tsallake ɗaya a ratsa ɗaya. Kalmarmu kuwa baƙi, wasali, baƙi, wasali take tafiya. Idan mahaɗa ta faɗa kan gida na 1 da na 3 da na 5, mai warwarewa zai samu K_R_T_, ya kusa gida. Idan ta faɗa kan 2, 4, 6, zai samu _A_A_U, wanda bai gaya masa komai ba saboda yawan a. Masaƙin Hausa ya tsara allonsa mahaɗa ta riƙa faɗawa kan baƙi, ba wasali ba. Raba sh gida biyu yana karya wannan jerin tun daga farkon kalma.

Ɗan Damagaram: Masu lanƙwasa fa, kada a yi sassauci. K da ƙ ba za su raba gida ba, ko da waya ta sa mutane sun saba jefar da ƙugiya. KANWA ta miya ba ƘANWA ta ɗaki ba ce. Idan ta ratsa KARE a harafin farko, ta miyar ce kawai za ta shiga. Kuma mu a Nijar ƴ muke rubutawa, ku 'y. Gida ɗaya ne ko ta wace hanya, sai dai masaƙi ya faɗa a saman allo wane rubutu ya bi.

Hajiya Mai Ƙamus: Kw, gw da ky su ne ban gamsu ba. Sauti ɗaya ne a baki, amma ba a jera su cikin abacada. Idan an raba, KWANO gida 5 ne, jerin ya karye. Idan an haɗa, 4 ne, yaron makaranta zai ƙirga ya ga ba daidai ba. Ni ina bayan a raba su har sai wani ya saƙa allo cikakke ta hanyoyin biyu an gwada.

Baba Na Ƙofar Mata: To ga na gwaji kafin nan. Rami ya rushe, tafi a kunci (4). Ku lura, k ce ba ƙ ba.

Ɗan Damagaram: MARI. "Rushe" ce manuniya, tafin kuma na hannu ne. Rigar ta so ta kai ni ga tafiya cikin ƙunci, Baba, rashin ƙugiyar ya dawo da ni.