Wai talakan Rum yana da gonarsa ko bayi ne ke noma komai?

Mai_Tambaya:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masana tarihi ku taimaka min, duk inda ake zancen daular Rum sai dai ka ji sarakuna da sojoji da bayi, to shi talakan ƙauye fa? Yana da gonar kansa?

Tsohon_Ticha:
Wa alaikumussalam. Yana da ita mana, ai manoma ne suka fi yawa a daular nesa ba kusa ba. Gonar dai ba ta da girma, da yugera suke awo, wato filin da shanun huɗa biyu za su iya nomewa a yini, kusan rubu'in hekta kenan. Alkama da sha'ir da wake suke shukawa, mai hali ya ƙara da zaitun da inabi, kuma galibi in an noma fili bana sai a bar shi ya huta baɗi. Maigida ke da iko da kowa a doka, ɗansa ko ya yi furfura ba shi da dukiyar kansa muddin uban na raye. Mata na niƙa da kaɗin ulu, yara na kiwo, in kaka ta yi kowa gona. Da yake abin ba ya kai su shekara, sai su je ƙodago gonakin masu kuɗi lokacin girbi da tsinkar inabi.

Yar_Laburare:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni abin da ke ban tausayi wlh shi ne yaƙi. A lokacin sai mai dukiya ake ɗauka soja, wato dai manomin nan, bayan yaƙin da Rum ta yi da Hanibal, janar ɗin Kartaj, da ya ƙare a 201 kafin Miladiyya sai a tura mutum Sifen ya yi shekaru, matarsa da yara su kaɗai da gona, ga bashi, kafin ya dawo attajiri ya haɗiye filin ya zuba fursunonin yaƙi suna masa bauta. Tiberiyus Girakus, wani wakilin talakawa a Rum, ya kawo doka a 133 kafin Miladiyya cewa kada kowa ya riƙe sama da yugera 500 na filin gwamnati, a raba sauran ga marasa gona. A shekarar nan aka kashe shi.

Mai_Tambaya:
Subhanallah. To waɗanda suka rasa gonakin fa, ina suka nufa?

Tsohon_Ticha:
Wasu birnin Rum, wasu soja, don a 107 kafin Miladiyya janar Mariyus ya ɗebi har marasa komai. Wasu kuma suka koma noman haya a filin attajirai, su ne ake kira koloni, kuma a 332 Miladiyya dokar Sarki Kustantin ta ce wanda ya gudu daga gonar a kamo shi a mayar.