Na ɗora MantisBT a sabarmu amma imel ya ƙi fita, a taimaka

Mai tambaya, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ya zafin garin? Mu huɗu muke haɗa wata manhaja ta karɓar kuɗin makaranta da fitar da sakamakon jarabawa, makarantu shida ke aiki da ita nan cikin Sakkwato. Abin da ke cin mu shi ne ƙorafi. Duk kuskuren da anka gani ta WhatsApp ake turo muna, wani a rubuce, wani saƙon murya na minti huɗu, kafin sati ya zagayo ya nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a. Shekaranjiya wani hedimasta ya kira ni ransa a ɓace, ashe tun farkon zango ya faɗi cewa jimillar makin aji uku ba ta fita daidai, ba wanda ya tuna.

Shi ne na kama hayar ƙaramar saba (kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet) mai RAM giga 1, na sa Ubuntu 24.04 da Nginx mai miƙa shafuka da MariaDB rumbun bayanai, na ɗora MantisBT, manhajar tattara ƙorafi da bin sawun kurakurai. Shafi yana buɗewa lafiya lau, amma imel ko ɗaya bai fita ba. Na buɗe ma abokan aikina asusu, sun kasa shiga don saƙon sa kalmar sirri bai zo musu ba. Hoton allo kuma da ya ɗan yi nauyi in na ɗora sai in ga kuskure mai lamba 413, wato fayil ya yi girma. Har na fara tunanin in bar hayar nan, tunda da dala ake biya, in mayar da wata tsohuwar kwamfuta da ke ofis saba. Mi kunka gani?

Injiniya, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, ka canza kalmar sirrin administrator? Mantis da "root" take zuwa, duk duniya ta sani. Kuma foldar admin da ka yi amfani da ita wajen kafawa, share ta yanzu, kak ka bari sai gobe.

Zancen imel, Mantis tana ƙoƙarin aikawa ne ta hanyar PHP, harshen da anka rubuta ta da shi, kai tsaye, alhali sabarka sabuwa ce, ba wani mai kai saƙo a cikinta. Ko ka sa shi ma, kamfanonin haya da yawa suna toshe ƙofa ta 25, wadda imel ke fita ta cikinta, saboda masu saƙonnin banza. Kada ka wahalar da kanka. Buɗe config/config_inc.php ka sa $g_phpMailer_method ya zama PHPMAILER_METHOD_SMTP don saƙo ya bi ta wata sabar imel ta waje, ka ba shi $g_smtp_host, ka sa $g_smtp_port 587, $g_smtp_connection_mode kuma 'tls', sai suna da kalmar sirri. In Gmail za ka bi, kalmar sirrinka ta kullum ba za ta yi ba. Sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka ciro kalmar sirri ta musamman da ake ba manhajoji. Adireshin da ke $g_from_email ya zama shi ne wanda ka shiga da shi, in ba haka ba saƙon na iya faɗawa kwandon shara ka yi ta zargin sabar.

Ɗalibi, Dundaye:
Yaya, 413 ɗin nan ba laifin Mantis ba ne, Nginx ne. Iyakarsa mega 1 ce in ba ka taɓa ba. Ka sa client_max_body_size 10m. Da ka wuce shi PHP zai tare ka, upload_max_filesize nasa 2M ne, post_max_size 8M. Ka lura, php.ini biyu ne: na /etc/php/8.3/fpm, wanda shafin ke aiki da shi, za ka gyara, ba na cli ba. Ni sai da na kwana biyu ina gyara na cli ina mamaki. Ka sake tayar da php8.3-fpm bayan nan. Mantis ma tana da tata iyakar, $g_max_file_size. Ƙofa uku ke nan, mafi ƙanƙantarsu ita ke hukunci.

Dattijon zaure, Kofar Atiku:
Ni da ka tambaye ni tun farko da Bugzilla, wata manhajar ƙorafi irin Mantis, zan ce. Tun 1998 take, Mozilla sun yi shekaru suna aiki da ita, ba ta da rawar kai. Ka gudanar da checksetup.pl, ka cika localconfig, ka sake gudanarwa, shi ke nan.

Injiniya, Runjin Sambo:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma yaron nan Nginx gare shi. Bugzilla da harshen Perl anka rubuta ta, kuma da Apache, takwarar Nginx, ta saba zama. A Nginx sai ya ƙara wani abu a tsakiya kafin fayilolin cgi su yi aiki. Wanda bai gama da PHP ba kada mu ɗora mashi Perl. Ya riƙe abin da ya riga ya tashi.

Dattijon zaure, Kofar Atiku:
Na ji, na yarda. To amma zancen tsohuwar kwamfutar ofis, wannan ba zan yi shiru ba, don na taɓa yi. Watan Afrilu garin nan yana haura digiri 40, ɗakin ba na'urar sanyaya, fanka sai hura zafi. Hunturu ya zo, ƙura ta cika cikinta fal. Ga ɗauke wuta, kuma rumbun bayanai ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu. Ko kana da sola da inbata, akwai wanda ya fi: layin data na waya yawanci ba ya ba ka adireshin IP naka na kanka, kai da ɗaruruwan mutane kuke raba ɗaya. Abokan aikinka daga gida ba za su iya iso ta ba sai da dabaru. Lissafa baturi da data, za ka ga hayar ta fi arha. Giga 1 ya ishi Mantis da mutum huɗu har da saura. Manhaja mai nauyi irin GitLab ce dai kada ka kusanta da wannan ƙarfin.

Hajiya, Arkilla:
Sannunku da ƙoƙari malamai. Duk kun yi maganar inji, ba wanda ya yi maganar hedimasta. Ƙanena, kana ganin mutumin da ke turo maka murya ta minti huɗu zai buɗe burauza, ya shiga da kalmar sirri, ya zaɓi rukuni da tsanani, ya rubuta matakan da ya bi? Wallahi ba zai yi ba. Mun gwada a wurin aikinmu, mun yi ma masu amfani da manhajarmu asusu, har zama munka yi da su da lemo da cincin. Bayan wata guda ƙorafi ya koma WhatsApp kamar ba a yi ba, mu kuma muka daina duba WhatsApp ɗin da kyau don mun ɗauka sun koma can. Asara biyu.

Abin da ya yi muna aiki: kowane sati mutum ɗaya ke riƙe da wayar ƙorafi. Duk abin da ya shigo, kafin ya tashi aiki ranar ya shigar da shi, ya mayar ma mai ƙorafi da lambar. "Malam, an karɓa, lamba 47." Mutanenmu suna son lamba, kamar katin asibiti, gobe da ita zai tambaye ka. Don haka ka sa $g_allow_signup a OFF don kada kowa ya buɗe ma kansa asusu, ku huɗun kawai. Ka rage matakan da rahoto ke bi kafin a rufe shi ma, ba ku buƙatar duk waɗanda ta zo da su.

Sai ka gwada rubuta ƙasa, ɗaki, ɓera a cikin rahoto. In sun koma alamar tambaya, teburan rumbun bayananka latin1 ne, tsarin haruffan da bai san namu ba, ka gyara tun ba su cika ba.

Ɗalibi, Dundaye:
Kar a manta da certbot, mai sa ma shafi satifiket ɗin tsaro na https, kyauta ne, satifiket ɗin Let's Encrypt kwana 90 yake yi kuma yana sabunta kansa. Da mysqldump don ɗaukar kwafin rumbun bayanai kowane dare, a sa shi a cron ya riƙa yi da kansa. Mantis tana cusa hotuna cikin rumbun bayanai ne in ba ka canza ba, kwafin zai yi ta kumbura.

Mai tambaya, Mabera:
Allah ya saka da alheri. Injiniya, kunya ta kama ni, "root" ɗin na nan kwana tara. Na canza, na share admin. Imel ya fita, abokaina sun shiga. 413 ta tafi, kuma ni ma na cli na fara gyarawa duk da gargaɗin. Baba, kwamfutar ofis ta ci gaba da hutunta. Hajiya, satin nan ni ke riƙe da waya, jimillar aji uku ita ce lamba 1. Saura guda: agogon rahotannin yana baya da awa ɗaya.

Injiniya, Runjin Sambo:
Sabarka na kan UTC, agogon duniya da namu ke gaba da shi da awa ɗaya. Sa $g_default_timezone ya zama 'Africa/Lagos', ku huɗun kuma kowa ya duba nasa a zaɓin asusunsa. Kwafin daren nan fa, ina kake ajiye shi? In cikin sabar ne, fitar da shi waje.