Shawara ga ƴan Kebbi masu zuwa bakin teku a Legas

Jama'a ga abin da aka tattaro daga hirar majalisarmu ta Argungu da waɗanda suka daɗe ci-rani a Legas. Kusan kowa bakinsa ɗaya, iya iyo a kogin Matan Fada ba shi ne iya teku ba. Tekun Atlantika akwai ruwan da ke jan mutum zuwa can cikin teku, kana tsaye iya gwiwa sai ka ji yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafarka, in ya ja ka kada ka yi kokawa da shi, ka yi iyo gefe-gefe kana ɗaga hannu a ganka. Yara kam a riƙe hannunsu, ba wasa.

Su bakin tekun Elegushi da ke Lekki kuɗin shiga ake biya, kuma ka tambayi farashin kujera da hawan doki tun kafin ka zauna, don wallahi rigimar daga baya take. Tarkwa Bay sai da jirgin ruwa, to a sa rigar kariya ko da ana maka dariya.

Lambar gaggawa ta Legas 112 ko 767. Wani dattijo ya ce a fito kafin magariba, ni ma haka na gani. Ledar fiya wata kuma a tattara a zuba a kwandon shara.