Waɗanda suka kalli harbin faifai na mata a Olamfik, yaya kuka kwashe da mutanen gida?

Maman Hanifa, Gwammaja: Assalamu alaikum. Ina nufin wasan nan da inji ke cilla ɗan faifai sama, mace ta saɓa bindiga mai baki biyu ta tarwatsa shi kafin ya faɗo. Na ƙarshe da na gani shi ne na Faris, ranar 31 ga Yulin 2024, wanda Adriana Ruano 'yar Gwatemala ta lashe. A gidanmu dai maigida cewa ya yi wannan ba wasa ba ne, ɓarnar harsashi ce. Wanda ya kalla ya ba mu labarin inda ya kalla da abin da aka ce.

Baban Khalifa, Ɗorayi: Wa alaikumus salam Hajiya. Kin tuna min ranar da ba zan manta ba. Laraba ce, jajiberin zanga-zangar tsadar rayuwa, gari duk a tsarge, kowa na ta sayen abin da zai ajiye a gida. Muna gidan kallo da rana ana jiran ƙwallo, mai gidan yana ta canza tasha sai ya faɗa kan wannan. Ga lasifikarsa a ƙure. Tau! Tau! Wallahi mai awarar bakin ƙofa sai da ta sauke kasko ta kama hannun ɗanta. Da aka gane daga talabijin ne aka yi ta dariya, amma wani dattijo ya shigo ya yi wa mai gidan tatas. Matasan da suka fara da ihun "a canza mana" su ne daga baya ke ƙirga wa matan, suna riƙe kai idan wata ta kuskure.

Jikar Maharba, Kurna: Ni da Babanmu muka kalla a waya, ina riƙe masa saboda hannunsa na rawa yanzu. Tsohon maharbi ne, da bindigar toka ya yi ƙuruciyarsa a dazukan kudancin Kano, kuma ya sha buga ta a Hawan Daushe. Da farko tsaki ya yi, wai abin da ba a ci ba a harbe shi. Bai yi minti biyar ba ya ce in matso da wayar. Ya ce, "Ke, wannan ai tashin fakara ne. Daga ƙasa take fitowa, ba ta sanar da kai, kuma gaba take yi tana ba ka baya. In ka tsaya saiti ta tafi." Daga nan ya daina kallon faifan gaba ɗaya, ya koma kallon ƙafafunsu da kumatunsu. Ya nuna min yadda kowacce ke manna kuncinta a jikin bindiga ba ta ɗagawa har sai faifan ya fashe, ya ce mai ɗaga kai don ya ga ko ya samu, to bai samu ba. Da ya ga wata ta kuskure, ta karya bindigar ta zare kwanson harsashi ta koma layi fuskarta ko gezau, sai ya jinjina kai ya ce a zamaninsu da yawan maza ba su da wannan zuciyar. Abu ɗaya ne ya ƙi yarda da shi har yau: abin toshe kunne. Wai maharbi da kunne yake farauta. Na ce Baba, ai shi ya sa sai an ɗaga murya kake ji. Ya kai min duka da carbi.

Malam Mai Wisil, Kabuga: Baba ya yi gaskiya kan rashin sanarwa. Na nuna wa ɗalibaina bidiyon a darasin motsa jiki, tambayarsu ta farko ita ce wa ke jefa faifan. Ba mutum ba ne. Akwai rami mita 15 a gaban masu harbi, da injina 15 a ciki, uku-uku a gaban kowane ɗaya daga wuraren tsayawa biyar. Mai harbi ta yi kira da bakinta, makirufo ya ɗauki muryar, inji ya saki. Ba ta san ko hagu zai yi, ko dama, ko tsakiya ba. Faɗin faifan santimita 11 ne kacal, kuma ana saita shi ya yi tafiyar mita 76. A zagayen share fage faifai 125 ne, ana iya harbin kowanne sau biyu. A wasan ƙarshe na Faris kuwa mutum shida ne, harsashi ɗaya tak. Ruano ta fasa 45 cikin 50, Silvana Stanco ta Italiya ta zo ta biyu, Penny Smith ta Ostareliya ta ɗauki tagulla.

Anti Nas, Tarauni: Ina aikin dare na gani a maimaici. Abin da ya tsaya min shi ne Ruano asalinta 'yar wasan alkafura ce, ta ji ciwo a ƙashin baya a 2011, aka ce ta haƙura. Likitanta ne ya ba ta shawarar harbi. A Tokiyo ta 26 ta zo, bayan shekara uku ta kawo wa ƙasarta zinaren farko a tarihinta. Na ba wata yarinya da ke kwance da ciwon baya labarin, uwarta ta harare ni ta ce, "Sista, bindiga kike so ta ɗauka?" Na ja bakina na yi shiru.

Ummi 'Yar Alƙahira, Fagge: Anti, ni na taɓa riƙe ta da hannuna lokacin ina karatu a Masar, wata ƙawata ta kai ni kulob ɗin da yayanta ke zuwa. A talabijin kamar sanda suke ɗagawa, amma nauyi gare ta, kafin a gama zagaye hannun hagu ya mutu. Hijabina mai santsi ne, gindin bindigar ya dinga zamewa daga kafaɗata, sai da mai koyarwar ya ba ni 'yar rigarsu mai faci a kafaɗa na ɗora a sama. Washegari wurin ya yi baƙi kamar an mare shi da muciya. Amma da faifai ɗaya ya fashe a gabana, na yi kabbara da ƙarfi har mutane suka juyo. Kuma ban ga inda suturarmu ta hana ba, dogon wando da riga mai hannu duk sun halatta.

Alhaji na Kantin Kwari: 'Yata, sutura ba ita ce matsalar ba. Je ki nemi lasisin bindiga mai baki biyu a ƙasar nan ki dawo ki ba mu labari. Sannan kowane faifai kuɗi ne, kowane harsashi kuɗi ne, kuma duk ƙonewa suke.

Maman Hanifa, Gwammaja: Haka ne Alhaji. Sai dai San Marino, ƙasar da mutanenta ba su kai dubu arba'in ba, da wannan wasan Alessandra Perilli ta samo mata lambarta ta farko a Tokiyo. Mu kuwa hannu Rabbana muka dawo daga Faris. Ummi, nawa kuka biya a kulob ɗin, kuma sun tambaye ki takarda kafin su miƙa miki bindigar?